Launukan Wayar Filogi da Ƙa'idojin Amfani da Ita: Tambayoyin da Mazauna Legas Ke Yawan Yi

Kayan wuta na kusan kowace ƙasa suna sauka a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, su bazu a kasuwar Alaba, daga can su shiga shaguna da ɗakunan haya a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Obalende. Kowane kaya kuwa da launin wayar ƙasarsa yake zuwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu shaguna, masu cajin waya, teloli da yara masu koyon aikin wuta suka fi maimaitawa game da waya mai lanƙwasa, wato wadda ke tashi daga filogi zuwa jikin firiji, fanka, dutsen guga ko ekstenshan.

Idan na feɗe wayar filogi na ga launi uku, mene ne aikin kowanne?

A tsarin da Ingila da sauran ƙasashen Turai ke bi a yau, wanda kuma shi ne a jikin mafi yawan sababbin kayan da ake sayarwa a Najeriya, mai ruwan ƙasa ita ce layif, wato wadda ke kawo wuta. Shuɗiya ita ce nutural, hanyar da wutar ke bi ta koma. Mai ratsin kore da rawaya ita ce wayar kariya, wadda masu aikin wuta ke kira at. Ita wannan ta ukun ba ta ɗaukar wuta muddin kaya lafiyarsa lau. An haɗa ta ne da ƙarfen jikin kayan, domin ranar da layif ta goge ta taɓa ƙarfen, wutar ta sami hanya mai sauƙi ta bi zuwa ƙasa har fis ya ƙone, maimakon ta bi ta jikin wanda ya dafa.

Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ta tsara wannan ita ce IEC 60445. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa, kuma wannan ƙarfi ya isa ya kashe babban mutum.

Ruwan ƙasa ai kalar ƙasa ce. Me ya sa ba ita ce wayar ƙasa ba?

Wannan tarko ne da harshenmu ya ɗana mana, kuma ya kamata duk mai koyar da yara aikin wuta da Hausa ya san da shi. Muna ce wa launin "ruwan ƙasa", muna kuma ce wa at "wayar ƙasa", sai yaro ya ji sunayen sun yi kama, ya ɗauki mai ruwan ƙasa ya ɗaura a babbar ƙafar filogi, wadda ita ce mazaunin at. Idan mai ratsin kuma ta koma mazaunin layif, ya kai wuta kai tsaye jikin ƙarfen kayan ke nan. Babu wata alaƙa tsakanin sunan launin da aikin wayar: mai ruwan ƙasa ita ce mafi haɗari a cikin ukun. Shi ya sa a wannan shafi ake cewa wayar kariya, ba wayar ƙasa ba, kuma da masu gida a wurin aiki za su riƙa cewa burawun da at, da an rage wannan ruɗani.

Na buɗe soket ɗin ɗakina na tarar da ja da baƙi, amma wayar fankata ruwan ƙasa da shuɗi ce. Wanne ne daidai?

Duka biyun daidai ne, zamaninsu ne ya bambanta. Wayarin ɗin Najeriya gadon Ingila ne, kuma a tsohon tsarin Ingila ja ita ce layif, baƙa nutural, koriya kuma ta kariya. Ingila ta sauya launin waya mai lanƙwasa zuwa ruwan ƙasa da shuɗi tun farkon shekarun 1970, amma wayar cikin bango ta ci gaba da zama ja da baƙi har 2004, lokacin da aka shigo da sababbin launuka, aka kuma wajabta su daga 2006. A nan gida har gobe ja da baƙi ne suka cika kasuwar wayar bango, don haka haɗuwar tsarin biyu a akwati ɗaya ba abin mamaki ba ne.

Wurin haɗawa, ja tana tafiya da ruwan ƙasa, baƙa tana tafiya da shuɗiya, koriya ko tsirarar waya tana tafiya da mai ratsin kore da rawaya. Sai dai wannan ya rataya ne a kan cewa wanda ya yi wayarin ɗin gidan ya bi ƙa'ida, abin da ba a rantsuwa a kansa a tsofaffin gidajen haya da hannu goma ya taɓa. A duba amsar da ta yi bayanin gwaji kafin a amince da launin da aka gani.

Me ya sa aka sauya launukan tun asali?

Dalili na farko shi ne kasuwanci tsakanin ƙasashen da launukansu ke cin karo. A tsohon tsarin Jamus, alal misali, ja ita ce wayar kariya, alhali a Ingila ja ita ce mai wuta, kuma ba sai an faɗi abin da zai faru ba idan kayan wannan ƙasa ya faɗa hannun ma'aikacin waccan. Dalili na biyu shi ne larurar ido da ke hana wasu mutane, galibi maza, bambance ja da kore, waɗanda kuma su ne launuka biyun da kuskure tsakaninsu ya fi muni. Aka ba wayar kariya launi biyu a jere domin ko wanda ba ya rarrabe launi ya gane ta da ratsinta, aka kuma haramta amfani da wannan ratsi ga kowace waya dabam. Ƙa'idar ta kai ga fayyace cewa a duk tsawon milimita 15, ɗaya daga launukan biyu kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari, kada kuma ya wuce kashi 70.

Na sayi tokumbo daga Amurka, wayarsa baƙi da fari da kore. Yaya zan ɗaura masa filoginmu?

A Amurka da Kanada baƙa ita ce layif, fara nutural, koriya ta kariya. A nan ne wanda ya saba da tsohon tsarinmu ke faɗawa rami, domin shi a saninsa baƙa nutural ce. Idan wayar irin shimfiɗaɗɗiyar nan ce mai launi ɗaya, a shafa ta da yatsa: gefen da ke da tudu-tudu shi ne nutural, mai santsin shi ne layif, kuma a filoginsu faffaɗar ƙafa ita ce ta nutural.

Amma kafin a kai ga launi akwai tambayar da ta fi shi girma. Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Japan kuma 100. A karanta takardar da ke manne a jikin kayan. Idan an rubuta 100-240V, kamar yadda ake gani a cajar kwamfuta da ta waya, sauya filogi ya wadatar. Idan 120V kaɗai aka rubuta, sauya filogi ba ya sauya ƙarfin wuta, kuma kayan zai ƙone da zarar an kunna, sai an sa masa taransifoma mai rage wuta wadda ta fi ƙarfin abin da yake ci. Ko da an sa, injin da aka ƙera don bugu 60 zai riƙa juyawa a hankali a kan namu 50, wani lokaci har ya riƙa ɗaukar zafi.

Yaya ake ɗaura filogi mai ƙafa uku yadda ya kamata?

Filoginmu mai ƙafafu uku masu kusurwa shi ne na Ingila, mai lamba BS 1363, wanda aka fara amfani da shi a 1947. Idan aka cire murfinsa aka riƙe shi babbar ƙafa tana sama, cikinsa yana kallon mai riƙon, mai ruwan ƙasa tana zuwa dama inda fis yake, shuɗiya tana zuwa hagu, mai ratsi tana hawa sama. Yawancin filogai suna da haruffan L da N da E a jikin mazaunan.

Abin da ya raba aikin gwani da na ɗan koyo yana cikin ƙananan abubuwa. Wayar kariya ita ake bari ta fi sauran tsawo da sassauci, layif kuma ta fi gajarta, domin idan aka fizgi wayar da ƙarfi layif ta fara tsinkewa, kariya ta zama ta ƙarshe. Ana murɗe siraran jan ƙarfen wuri ɗaya, a cusa su duka, kada a bar ko sili ɗaya a waje, kada kuma a datse wasu don su shiga ramin. Maɗaurin da ke bakin filogi rigar waje ta wayar zai danne, ba wayoyin ciki masu launi ba. Duk filogin da ake hango ruwan ƙasa da shuɗi daga wajensa, ba a ɗaura shi daidai ba. Sannan a ɗaure sukurorin tam, saboda sako-sakon ɗauri shi ke haifar da zafin da ke narkar da filogi ya bar baƙin tabo a jikin soket.

Na juya layif da nutural amma kayan yana aiki. To ina matsalar?

Zai yi aiki, domin wutar gida kai da komo take yi, kuma injin bai damu da ta inda ta shigo ba. Matsalar tana ga fis da makunni, waɗanda a kan layif aka ɗora su. Idan aka juya, sai a kashe makunni kayan ya tsaya, mai shi ya ɗauka babu wuta, alhali cikinsa cike yake da ita. Haka idan fis ya ƙone, nutural ya yanke ya bar layif a haɗe. A mazaunin ƙwan fitila mai murɗawa, layif ta tsakiya ce. Idan aka juya, zoben ƙarfen da yatsa ke iya taɓawa wurin sauya ƙwai shi ke ɗauke da wutar.

Wasu kaya waya biyu kawai gare su. An yi musu ha'inci ne?

Ba lallai ba ne. Akwai kayan da aka yi wa rufi ninki biyu ta yadda wuta ba ta da hanyar kaiwa ga inda hannu ke taɓawa, kamar caja, rediyo da injin aski. Alamarsu murabba'i ne a cikin murabba'i a jikin takardar kayan, kuma ba sa buƙatar wayar kariya. Babbar ƙafar filoginsu, wadda sau da yawa ta roba ce, aikinta kawai buɗe ƙyauren soket. Amma firiji, injin wanki, dutsen guga, butar lantarki, injin niƙa da duk mai jikin ƙarfe da ba shi da waccan alama, dole ne wayarsa ta zama mai uku. Wanda ya sauya wa irin waɗannan waya da mai biyu don ta fi araha ya cire musu kariyarsu ne gaba ɗaya.

Filogi mai zagayayyun ƙafafu biyu fa, wanda ake tura shi da tsinke ko murfin biro?

Na ƙasashen Turai ne irin su Jamus da Faransa. Manyansu suna da kariya, sai dai ba a ƙafa take ba, tana jikin wasu ƙarafa a gefe ko a wani rami, kuma soket ɗinmu ba ya taɓa ko ɗaya. Ke nan firizar tokumbo da aka cusa haka tana aiki ne ba kariya, ba kuma fis, ga shi ƙafafun suna buɗa bakin soket har ya daina riƙe filogi da kyau. Gyaran ba shi da tsada: a yanke shi a ɗaura mai ƙafa uku kamar yadda aka bayyana a sama. Cusa tsirarar waya a soket a tokare da ashana ya fi wannan muni nesa ba kusa ba.

Wane fis ya dace da wane kaya?

Fis ɗin filogi wayar yake karewa daga ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta. Ana samun adadin wat ne idan aka ninka bolt da amfiya, don haka fis mai amfiya 3 yana ɗaukar kusan wat 700, mai 13 kuma kusan wat 3,000. Fitila, rediyo da ƙaramar fanka na mai 3 ne, wanda rubutunsa ja ne. Dutsen guga, hita da butar lantarki na mai 13 ne, mai rubutu ruwan ƙasa. Firiji yakan ja wuta da yawa a lokacin tashi, saboda haka a bi abin da kamfanin ya rubuta. Fis da ke ƙonewa a kai a kai yana ba da labarin wata matsala ce, kuma naɗe shi da takardar sigari ko maye gurbinsa da guntun waya toshe bakin mai ba da labarin ne kawai.

Rubutun da ke jikin waya, irin su H05VV-F 3G1.5, me yake nufi?

H na nuna cewa wayar ta bi tsarin bai-ɗaya na Turai. 05 na nufin an yi ta don bolt 300 zuwa 500, yayin da 03 ta ƙananan kaya ce, 07 kuma mai ƙarfi ce har bolt 750. VV na nufin rufin ciki da na waje duka na roba nau'in PVC ne, F kuma mai lanƙwasa. 3G1.5 waya uku ce, ɗaya daga ciki mai ratsin kore da rawaya, kaurin kowace milimita murabba'i 1.5; idan X aka sa a madadin G, babu ta kariya a ciki. Wadda aka rubuta wa H07RN-F ita ce baƙar nan mai taurin rai da ta dace da waje, wurin gini da janareto, musamman a gari mai ruwan sama da laima kamar Legas.

A ƙiyasin da aka saba bi, mai kauri 0.5 tana ɗaukar amfiya 3, mai 0.75 amfiya 6, mai 1.0 amfiya 10, mai 1.25 amfiya 13, mai 1.5 kuma wajen 16. Wayar Amurka da lambar AWG ake auna ta, kuma lissafinta a juye yake: 14 ta fi 16 kauri, 16 ta fi 18. Idan waya ta yi tsawo sosai a ƙara kauri, idan kuma a naɗe take a kan gangarta a warware ta duka kafin a ɗora mata kaya mai nauyi, domin naɗaɗɗiyar waya ba ta samun inda za ta fitar da zafi.

Yaya zan gane jabun waya a kasuwa?

Jabu iri biyu ne suka fi yawa: wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta ba, an cika ta da roba, da kuma wadda alminiyon ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Alminiyon ba ya wuce da wuta kamar jan ƙarfe, kusan kashi 60 cikin ɗari nasa yake yi, ga saurin karyewa wurin ɗauri. A kankare sili ɗaya da wuƙa. Idan cikinsa fari ne, ba jan ƙarfe ba ne. Nauyi ma yana tona asiri, haka farashin da ya yi araha fiye da kima. Waya ta gari tana ɗauke da sunan kamfani da kauri a jikinta daga farko har ƙarshe. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya, tana da tsarin MANCAP na kayan gida da SONCAP na waɗanda ake shigowa da su, amma tambari abu ne da ake iya bugawa, don haka wuƙar ta fi shi gaskiya.

Zan iya bi da waya mai lanƙwasa ta cikin silin ko ƙarƙashin kafet zuwa wani ɗaki ko shagon maƙwabci?

Waya mai lanƙwasa ba madadin wayarin ɗin dindindin ba ce. Kundin dokar lantarki na Amurka, a sashensa na 400, ya jero abin ƙarara: ba a bi da ita ta ramin bango, silin ko daɓe, ba a ratsa ƙofa ko taga da ita, ba a kafe ta a jikin gini, ba a ɓoye ta. Hikimar a fili take. An yi ta ne ta zauna a sarari inda iska ke shafarta ido kuma ke ganinta. A ƙarƙashin kafet ana taka ta har rufinta ya goge ba wanda ya sani, a cikin silin ɓera yana ci, a bakin ƙofar kwantena kuwa ƙarfe yana datsa ta kullum.

Haka batun haɗi. Ƙa'ida ita ce wayar ta zama guda daga filogi har kaya. Murɗa biyu a naɗe da baƙin salatif ba ya jure ja, kuma da damina ruwa yana shiga. Idan ta yanke a sauya ta, ko a sa akwatin haɗi mai maɗauri a kowane gefe. Jona ekstenshan a kan ekstenshan ma bai ƙara komai ba, duk kayan a kan amfiya 13 na filogin farko suke rataye, abin da masu cajin waya da ke ƙara firiji da hita a layi ɗaya ya kamata su lissafa. Shagon da ke buƙatar wuta kullum, a ja masa layi a cikin bututu, da soket nasa da na'urar yanke wuta.

Waya mai filogi a kai biyu da ake jona janareto da soket ɗin gida fa?

Ba ta halatta a kowace doka ba. Da zarar an cusa kai ɗaya, ƙafafun ɗaya kan tsirara suke da wuta. Idan aka manta ba a raba gidan da layin kamfani ba, wutar janareto tana fita waje, taransifomar unguwa ta ɗaga ta zuwa dubban bolt a kan layin da ma'aikaci ke tsammanin a kashe yake; idan kuma aka dawo da wuta, janareton ne zai tashi aiki. Hanyar da aka yarda da ita ita ce makunnin sauya layi, wanda ake kira canji-oba, da ba ya barin wuta biyu su haɗu.

Launukan fes uku da na sola iri ɗaya ne da waɗannan?

A'a. A tsohon tsari fes uku, wato layin da ke da wayoyin layif guda uku, ja, rawaya da shuɗi ne, nutural baƙi. A sabo ruwan ƙasa, baƙi da ruwan toka ne, nutural shuɗi. Shuɗi da baƙi sun yi musayar aiki ke nan, kuma tsakanin fes da fes akwai wajen bolt 400, don haka injin niƙa ko na walda mai fes uku ba wurin gwada sa'a ba ne. A ɓangaren batir da sola kuma an saba ja ta zama fosatif, baƙa nagatif, wanda ma'ana ce dabam da ta wayar bango.

Idan launin ya ɓace, ko ban yarda da wanda ya yi aikin ba, yaya zan tabbatar?

Launi alkawari ne da wanda ya ɗaura wayar ya ɗauka, mita ce ke nuna ko ya cika shi. Ga wayar kaya, a zare filogi daga soket, a sa mita a ma'aunin haɗuwa: wadda ta yi ƙara tsakaninta da ƙarfen jikin kayan ita ce ta kariya, wadda ta bi ta makunni ita ce layif. Daga nan a naɗa wa bakin kowace salatif mai launin da ya dace domin na baya.

Tasta mai ƙwai tana nuna layif, amma ba a dogara da ita ita kaɗai. Haskenta ba ya ganuwa a rana, kuma a kan ƙananan janareto da yawa takan kama a wayoyin biyu. A gwada ta a inda aka san akwai wuta kafin aiki da bayansa. Sannan wayar kariya ba ta da amfani idan ramin sama na soket bai haɗu da sandar da aka kafa a ƙasa ba, kuma gidajen haya da yawa haka suke. Wannan gwaji, da sanya na'urar RCD mai yanke wuta idan miliamfiya 30 ta zurare, aikin ma'aikaci ne mai takardar shaida. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba ayyukan wuta da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, kuma ɗan haya yana da damar ya nemi ganin wannan shaida kafin ya bari a buɗe masa akwatin wuta.